Takaba a Ɗakin da Iska Ta Yaye

Ina cikin takaba iskar ta zo. Mai gidana ya rasu a tsakiyar bazara bayan gajeriyar jinya, kuma ban kai rabin kwanakin da aka ɗora mini ba aka fara ganin hadari yana haɗuwa a gabas.

Gidanmu yana Magama, daf da kan iyaka, inda manyan motoci suke jeruwa suna jiran a ba su hanyar Maraɗi. Ƙaramin gida ne na ƙasa. Zaure ne, sai ɗaki ɗaya, sai 'yar rumfar girki. Sana'ar marigayi ruwan sanyi da ƙanƙara. Yana da babbar firiza a ƙuryar ɗakin. Idan an kawo wuta mukan ƙulla ruwa a leda mu jera a ciki, da safe ya zuba a kula ya kai wa direbobi. Bayan rasuwarsa ban kashe ta ba. Ba don ciniki ba, kukanta ne na saba da shi.

'Yarmu guda ce ta rayu, tana aure a Maraɗi. Ta zo ta yi zaman makoki ta koma ɗakinta. Wadda ta zauna da ni yayar mai gidana ce, wadda kowa a dangi yake kira Gwaggo. Ta yi takaba sau biyu a rayuwarta, saboda haka ba wanda yake ja da ita a kan abin da mai takaba za ta yi da wanda za ta bari. Ba kwalli, ba turare, ba ɗaga murya. Zaure ma ba na taka shi. Na karɓi wannan duka ba tare da nauyi ba, don ni kaina ba inda nake son zuwa. A ɗakin nan aka kawo ni, a cikinsa ya cika, kuma abin da nake so kawai in ƙarasa kwanakina na takaba a cikinsa.

Sai ƙaninsa, wanda muke kira Auta, ko da yake magidanci ne da 'ya'yansa. Lodin kaya yake yi a tashar manyan motoci. A da abokin wasana ne, ba ya shigowa gidan bai ce miyata ta yi gishiri ba. Tun da aka yi rasuwar sai ya tsaya daga zaure ya gaishe ni, murya ƙasa-ƙasa.

Ranar bayan la'asar ne. Gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Gwaggo ta kwashe shanya, ni kuma na rufe taga. Da farko ƙarar kamar ta mota ce mai tahowa daga nesa. Can sai duwatsun da marigayi ya ɗora a kan rufi suka fara birgima, ɗaya bayan ɗaya. Na ji ƙusa tana fita daga katako da wani irin kuka. Gwaggo ta ja ni muka durƙusa a jikin firiza, tana salati, hannunta a kan ƙeyata. Sai haske ya shigo. Na ɗaga kai na ga sama, na ga rufin ɗakinmu gaba ɗayansa ya miƙe tsaye, ya juya, ya tafi arewa.

Ruwan da ya biyo baya yayyafi ne kawai, ko ƙasa bai jiƙa sosai ba. Da iskar ta lafa muka fito tsakar gida. Katangar da ta raba mu da titi ta kwanta. Rumfar girki babu ita. Falwayar da ke ƙofar gida ta karkata, wayoyi sun zubo har ƙasa. Mutane suna ta gudu suna kiran 'ya'yansu, wata mata tana kuka a bayan layinmu. Ina tsaye ina kallo, sai Gwaggo ta tura ni ciki.

“Shiga, shiga. Duk gari na ganinki.”

Abin da ta fara yi ke nan, kafin ta duba ko tukunya ta fashe. Ta ɗaura igiya daga zaure zuwa bishiyar darbejiya, ta rataya tabarmi biyu da zanin gado, don kada mai wucewa ya ga mai takaba.

Ni kuma kayan marigayi na fara tunawa. Rigunansa suna rataye a ƙusa inda ya bar su, da hulunansa, da bargon da ya yi jinya a ciki. Ba a raba su ba tukuna. Na duba ɗakin, babu abin da ruwa ba zai shiga ba in ban da firiza. Washegari ƙanƙarar da ta rage ta narke, muka raba wa maƙwabta ruwan, na goge cikinta da tsumma har ta bushe, na ninke kayan na jera a ciki na rufe.

Duk wanda ya zauna a ginin ƙasa ya san abin da ake tsoro. Bango yana tsaye ne saboda rufin da ke kansa. In ruwa mai ƙarfi ya same shi a buɗe, daga sama zai fara jiƙa, ya yi laushi, ya zube. Damina kuwa ta riga ta kama hanya. Kullum da yamma sai na fito na dubi gabas.

Wuta ba a ma maganarta. An ce turaku sun faɗi tun daga hanyar Katsina, kuma ba a san ranar da za a ɗaga su ba. Rijiyar burtsatsen unguwarmu da wuta take aiki, ta tsaya. 'Yan ga-ruwa suka yi wuyar gani, in an samu jarka ɗaya sai a raba ta tsakanin sha da alwala. Wayata ta mutu a rana ta biyu. Auta ya kai ta wajen mai caji da janareto, ya tarar da wayoyi sun yi tsibi, aka ce ya dawo gobe, goben ma aka ce gobe. Na san 'yata ta ji labari a Maraɗi, na san tana kira, ba ni da yadda zan ce mata ina raye. Lasifikan masallatai ma suka yi shiru. Ni da ba na fita, da kiran salla nake sanin inda rana take. Yanzu sai in kasa kunne sosai kafin in jiwo muryar ladan, 'yar siririya, kamar daga wani gari. Rana kuma ta samu ƙofa. Daga hantsi zuwa la'asar bin inuwar bango nake yi, in ta matsa in matsa.

A rana ta biyun ce mai shela ya zagaya. Ya ce duk wanda ya tsinci kwano a gidansa ko a gonarsa ya kai ƙofar mai unguwa, kuma duk wanda iska ta ɗauke wa rufi ya je ya duba. Haka ake yi a wajenmu. Ana tara su wuri guda, mutum ya zo ya nuna nasa, ya faɗa a gaban mai unguwa da dattawa cewa nasa ne, ya ɗauka.

Auta ya zo ya tsaya a bayan tabarma.

“Matar Yaya, kin ji shela?”

“Na ji.”

“To mi ne ne alamar namu? Yaya ya yi masu fenti ko rubutu?”

Ban taɓa ganin bayan kwanon nan ba. Hawa rufi aikin marigayi ne, shi yake ɗora duwatsu, shi yake toshe yoyo. Ni cikinsa na sani. Ɗakin ba shi da silin, kuma na yi shekaru ina kwance a ƙarƙashinsa. A makonnin jinya kuwa, in ya samu barci, ba abin da nake kallo sai shi.

Na ce masa akwai falle ɗaya mai facin kwalta kamar tafin hannu, ta ciki aka shafa. Akwai wanda yake da baƙin zagaye na hayaƙin fitila, tun kafin a ja mana wuta. Akwai wanda zanzaro ya yi gida a jikinsa, mun fasa gidan amma shatin ƙasar yana nan. Akwai mai 'yar huda ta tsohuwar ƙusa, wadda rana take bi ta sauka a kan gado da hantsi. Marigayi yakan ce agogonsa ce, in ta kai ƙafarsa ya makara.

Auta ya yi 'yar dariya, ta farko da na ji daga bakinsa tun rasuwar.

“Wato in je gaban mai unguwa in ce a ba ni kwano mai gidan zanzaro.”

“Ka juya su kawai ka duba cikinsu.”

“Matar Yaya, ba ki ga wurin ba. Tsibi ne ya fi zauren nan tsawo, duk ƙusa, duk a murɗe. Mutane har sun fara cin kwalar juna.”

Ya tafi. Da azahar ya dawo da baro, ya jingina fallaye a jikin zaure, ya kira ni da fara'a. Na leƙa. Masu kyau ne, ba su lanƙwashe sosai ba. Na ce ya juya mini su. Cikinsu fes, fari ƙal, ko ɗigon hayaƙi babu. Kwanon ɗaki mai silin ne, wanda ba a taɓa kunna fitila a ƙarƙashinsa ba.

“Ba namu ba ne,” na ce.

“Na sani. Namu ai sun tsufa. Waɗanga sun fi.”

“Ka ce wa mai unguwa namu ne?”

“To mi zan ce? Kowa haka yake yi. Wani ma yana can ya ɗauki naku.”

Gwaggo ta taso ta ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa. “Kwano kwano ne, baiwar Allah. Ruwa ba ya tambayar na wa ne.”

Na bar fallayen inda suke. Suka wuni a jingine. Na yi ta kallon su, ina kallon gabas. Na san in an buga su, rabin ɗakin ya tsira, kuma rabin ya ishe ni. Amma na kwatanta kaina a kwance, ina ɗaga kai ina ganin wannan farin ciki na kwanon wasu, ina yi wa mamaci addu'a a ƙarƙashinsa, alhali masu shi suna wani wuri suna kallon sama kamar yadda nake kallo. Na kasa. Da la'asar na ce wa Auta ya mayar.

“Wallahi in na mayar ba za a yi sallar magariba suna wurin ba.”

“Ka mayar.”

“Ke dai tun da can haka kike. Shi ma Yaya haka ya sha fama.”

Ya ɗora su a baro da ƙarfi har suka yi ƙara, ya fita bai yi sallama ba. Har yau ban san masu su ba, ban kuma san ko sun kai gare su ba.

Da ya tafi na ce wa Gwaggo ina so in je da kaina. Na ce zan sa hijabi har ƙasa, ba zan yi magana da kowa ba, in juya su in nuna namu in dawo.

“Ki je ina?”

“Ƙofar mai unguwa.”

“Cikin maza? Ƙasar kabarinsa ba ta gama kwantawa ba, a ce an ga matarsa a dandali tana tonon kwano? Ni na yi takaba a shekarar da gobara ta ci rumbunmu, ko leƙe ban yi ba.”

“Gwaggo, ɗakin zai faɗi.”

“In Allah ya so ya tsaya, zai tsaya.”

Ba mugunta ba ce. Mutuncin ƙaninta marigayi take tsarewa ta hanyar da ta sani. Ni kuma ba ni da ƙarfin yi mata gardama, kuma a ƙasan raina ina tsoron kada ta zama ita ce da gaskiya.

Fushin Auta bai kwana ba. Washegari ya dawo da tamfol da ya aro wajen wani direban da ke jiran takardunsa a boda. Shi da abokin aikinsa suka shimfiɗa shi a kan bango, suka danne da bulo. Ya rufe wajen gado da firiza. Ranar na samu inuwa. Na roƙe shi ya je ya tambayar mini liman ko zan iya fita neman kwanon. Ya je ya tarar liman ya tafi Daddara jana'izar wani ɗan'uwansa da gini ya faɗa wa, sai ya yi kwanaki. Muka jira. Ina jin ƙarar guduma ta ko'ina, daga safe har yamma, kowa yana buga abin da ya samu.

Da liman ya dawo, amsarsa gajera ce. Ya ce lalura ce, in fita da rana in yi abin da ya kai ni, in dawo in kwana a ɗakina. Gwaggo ta saurari saƙon har ƙarshe. Sannan ta ɗauki mayafinta.

“Tashi mu je. Ki bi bayana, kada ki ɗaga kai.”

Na ɗaga kai. Ban gane unguwar ba. Babbar darbejiyar bakin masallaci tana kwance, saiwoyinta a sama. Rumfunan masu shayi da masu canji na bakin titi sun zama tarin katako. Wayoyin wuta suna ƙasa, awaki suna tsallake su. Motocin dai suna nan a jere kamar kullum, direbobi a ƙarƙashinsu suna shan iska.

A ƙofar mai unguwa babu tsibi. Shatinsa ne kawai a ƙasa, da ƙusoshi, da 'yan guntaye da ba su kai faɗin faifai ba. Mai unguwa ya taso da kansa, ya yi mini gaisuwar rashi, ya ce marigayi mutumin kirki ne. Ya ce masu kyau an kwashe tun ranar da aka yi shela. Waɗanda suka murɗe ba su gyaruwa, masu sayen gwangwan sun ɗauka. Wani dattijo da ke zaune ya ce da yawa ma ba su zo nan ba, iskar ta tsallaka da su gonakin ƙetare, can kuwa tol ɗin da ya faɗo gonar mutum ba a cika tambayarsa ba. Tol suke ce wa kwano a can.

Na durƙusa na juya guntayen ɗaya bayan ɗaya. Tsatsa ce kawai. Gwaggo ta tsaya ta kare ni da mayafinta har na gama.

A hanyar dawowa na yi ta kallon rufin gidaje. Ko'ina an buga faci, sabo a jikin tsoho, ja a jikin fari. Wataƙila namu yana cikinsu. Na wuce ta gabansa ma wataƙila. Amma daga waje duk ɗaya suke a idona. Sai in an bar ni na shiga ɗakunan mutane, na kwanta a gadonsu na ɗaga kai, sannan zan gane shi.

Ba a daɗe ba direban ya samu hanya. Auta ya zo da kunya ya ce mai tamfol zai wuce Maraɗi, kayansa kuwa buhuna ne, ba zai tafi da su a buɗe ba. Na ce ya yi masa godiya. Na roƙi a ba shi saƙo ga 'yata cewa ina lafiya. Suka naɗe tamfol ɗin, rana ta dawo kan gado. Sabon kwano kuwa ko a kasuwar Jibiya an ce ya yi wuya, masu shi sun san ana nema, kafintoci kuma kowanne da layin mutane a bayansa. Auta ya ce a ba shi lokaci. Na san abin da yake samu a tasha, na san bakunan da ke gidansa, ban matsa masa ba.

Ruwan ya zo da rana tsaka, ba iska, ba tsawa mai yawa. Irin ruwan da manoma suke roƙo. Muka lulluɓe firiza da leda da tabarma, muka ja katifa zuwa zaure, inda rabin rufi ya rage. Daga nan na zauna ina kallon ɗakina ta ƙofa. Saman bangon ya yi duhu, sannan ya fara gangarowa ja-ja, kamar kunu. Farar ƙasar da na shafa da hannuna kafin azumi ta wanke. Kusurwar gabas ta tsage, ta buɗe a hankali, ta zauna. Ba ta yi ƙara sosai ba.

Gwaggo ce ta yi kuka. Ni ban yi ba a lokacin.

Da ruwan ya ɗauke Auta ya shiga ya duba, ya fito ya ce ba mai kwana a nan, sauran bangon ma jira yake. Liman ya aiko cewa in koma inda zan samu aminci in ƙarasa. Aka kai ni gidan Gwaggo, a bayan tasha, ɗakin bulo mai silin. Firiza ta yi nauyi ga ƙasa ta yi laka, aka ce a bar ta sai an samu masu ɗauka. Na so in kwashe kayan ciki, Gwaggo ta ce hadari bai watse ba, sun fi tsira a inda suke.

A ɗakinta na ci gaba da ƙirga kwanakina. Ta kula da ni, ba ta taɓa tayar da maganar kwano ba, ni ma haka. In na kwanta sai in ga silin fari, shafaffe, ba abin da ido zai kama.

Wata ranar da hantsi na ji yara sun kwashe da ihu a titi, an kawo wuta. Fankar ɗakin ta fara juyawa. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, ta miƙa hannu tana neman wayarta. Ni kuma sai na tuna ban zare wayar firiza daga bango ba. Na aika a gaya wa Auta. Yana kan lodi, bai samu zuwa ba sai bayan la'asar.

Ya shigo da kayan a ƙunshe cikin zanin gado, ya ajiye a bakin ƙofa.

“Matar Yaya, kin san tana aiki? Ɗaki ba rufi, bango a ƙasa, ita kuwa tana ta kukanta ita kaɗai. Na kashe ta.”

Na ce ya kyauta. Ya juya ya fita.

Na kwance ƙunshin. Ba abin da ya jiƙa. Rigar da ke sama ita ce shuɗiyar da yake sawa ranar Juma'a. Na ɗauke ta, ta yi sanyi ƙarara, kamar ledar ruwan da yake fitarwa da safe. Na ɗora ta a cinyata na dafa da hannu biyu, na zauna haka har ta huce.